Amsa: wa ya gina farin cocin nan mai agogo na Cape Coast, kuma me ya sa fasalinsa ya bambanta?

Malam barka da war haka. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, aiki ne ya sha kaina shi ya sa sai yanzu. Ka ce kun je Cape Coast a ƙasar Ghana ganin tsohon gidan tsare bayin nan na bakin teku, da kuka fito ka hango wani farin coci mai hasumiya da agogo can gaba kaɗan, direbanku ya ce maka ai na Methodist ne kuma turawan mulkin mallaka ne suka gina shi, kai kuma da ka leƙa sai ka ga bai yi kama da cocin Katolika da ka saba gani a hoto ba, babu mutum-mutumi babu wani ƙyale-ƙyale, shine kake so ka ji ko da gaske gwamnatin turawa ce ta gina, kuma me ya sa aka yi shi haka.

To direbanku rabin gaskiya ya faɗa maka, rabin ma ƙarami. Wannan shine cocin Wesley, a filin da 'yan garin ke kira Chapel Square, kuma an buɗe ginin farko ne a watan Yunin 1838. A wannan shekarar babu wata gwamnatin mallaka a ƙasar da yau ake ce wa Ghana. Abin da ke akwai shine 'yan kasuwar Ingila zaune cikin gidajen nan na bakin teku, domin ita kanta gwamnatin Ingila ta gaji da asara ta miƙa musu ragamar tun 1828, wani George Maclean ne shugabansu a Cape Coast daga 1830, ikonsa a takarda bai wuce inda harsashin igwarsa zai kai ba, sauran duk siyasa ce da lallami tsakaninsa da sarakunan Fante. Sai 1843 gwamnati ta karɓi abinta, 1844 aka yi yarjejeniyar nan da sarakunan, ba a kuma kafa cikakken mulkin mallaka a kudancin ƙasar ba sai 1874. Ka ga kenan cocin ya girmi mulkin da ake jingina shi da shi da shekara talatin da shida. Kuma ko da a ce akwai gwamnatin ma ba za ta gina wa Methodist ba, cocin hukuma na Ingila Angilikan ne, su 'yan Methodist a gida kallon 'yan a-ware ake musu, mutanen masaƙa da ramin kwal da ƙananan kantuna.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shine wanda ya fara neman abin, don ba bature ba ne. A cikin gidan bayin akwai makaranta ta tun zamanin Philip Quaque, Bafanten da aka naɗa limamin Angilikan a Landan a 1765, wanda kabarinsa ke tsakar gidan nan, ƙila ma kun tsaya a kansa ba ka lura ba. To wasu samari da suka fito daga wannan makarantar suka haɗa ƙungiyar karatun Littafi Mai Tsarki su kaɗai, babu limami babu kowa, kamar dai yadda matasa a wajenmu kan haɗa majalisin karatu bayan isha. Ɗaya daga cikinsu William de Graft ya haɗu da wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Bristol mai suna Potter, ya roƙe shi in zai dawo ya taho musu da littattafai. Shi Potter ɗan Methodist ne, da ya koma gida sai ya kai maganar gaban kwamitin mishan ɗinsu ya ce a ba shi mutum shi zai ɗauke shi a jirginsa. Littafi suka nema, aka haɗo musu da malami. Ranar 1 ga Janairun 1835 Joseph Dunwell ya sauka Cape Coast.

Wata shida bai cika ba zazzaɓi ya kashe shi, a watan Yuni. Sai George Wrigley da matarsa Harriet suka iso a Satumban 1836, shi ne ya fara aza ginin cocin, ita kuma ta tara 'yan mata tana koya musu karatu da ɗinki, daga nan makarantar Wesley Girls da ake ji da ita a Ghana har yau take lissafin asalinta. A Janairun 1837 Peter Harrop da tasa matar suka zo taimako, cikin makonni kaɗan su biyun suka mutu, Harriet ma ta bi su, Wrigley ya rage shi kaɗai yana fama da gini da zazzaɓi har Nuwamba shi ma ya tafi. Mutum biyar cikin shekara uku. Na kawo wannan ne saboda yana cikin ginin kansa, ƙarƙashin mumbarin cocin nan kaburburan waɗannan na farkon suke. Duk wanda ya hau yin wa'azi a kansu yake tsaye. A tsofaffin cocin Katolika a ƙarƙashin bagadi, wato teburin ibada na can gaba, ake ajiye ƙasusuwan waliyyansu, su kuwa waɗannan sai ga nasu a ƙarƙashin wurin magana, kuma daga nan za ka fara gane amsar tambayarka ta biyu.

Amma bari in gama da mutanen tukuna. Wanda ya ƙarasa ginin shine Thomas Birch Freeman, ya iso 3 ga Janairun 1838 yana zaton zai tarar da Wrigley ya koya masa aiki, sai ya tarar da kabari da kangon gini. An haife shi a 1809 a wani ƙauye Twyford a kudancin Ingila, ubansa baƙar fata ne uwarsa baturiya, sana'arsa kuma lambu, shi ne shugaban masu kula da lambun wani babban gida kusa da Ipswich kafin ya ajiye. Matarsa Elizabeth ta mutu cikin wata biyun farko, shi ya kwanta ya tashi, ya kuma rayu a wannan gaɓar har 1890. Ni a ganina sana'ar lambun nan ta yi masa rana fiye da karatun addini, don mutum ne da ya san ƙasa da ruwa da yadda ake tafiyar da leburori, shi ya sa cikin wata biyar da 'yan kwanaki ya rufe ginin da ya gagari na gabansa. Kuma mu 'yan Najeriya labarin ya shafe mu kai tsaye, daga wannan cocin Freeman ya tashi ya je Kumasi wurin Sarkin Ashanti Kwaku Dua a 1839, daga nan kuma shi da De Graft suka sauka Badagry ranar 24 ga Satumban 1842, ya wuce Abeokuta ya gana da shugaban garin Sodeke, ya bar De Graft da matarsa a Badagry suna riƙe da aikin. Duk wani cocin Methodist da ka gani a Legas ko Ibadan ta wannan reshen, kakansa ke nan ka leƙa.

To yanzu fasali. In kana so ka gane ginin Methodist ka ajiye ido ka ɗauki kunne. John Wesley wanda ya kafa tafiyar limamin Angilikan ne har ya mutu a 1791, bai taɓa cewa ya fita ba. Da aka riƙa hana shi mumbari a cocin hukuma sai ya koma yin wa'azi a fili daga 1739, a wannan shekarar kuma ya gina ɗakinsu na farko a Bristol. Ba ya ma kiran waɗannan gine-ginen coci, gidan wa'azi yake cewa, domin tsarin shine mutum ya je cocin Angilikan ya karɓi jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da Kiristoci ke ci a ibada, da baftisma, sannan ya zo nan ya ji wa'azi ya rera waƙa. Sai a 1795, bayan mutuwarsa, aka ba su damar yin jibin a nasu ɗakunan. Saboda haka ginin bai taso da bagadi a matsayin zuciyarsa ba. A cocin Katolika ko Angilikan doguwar hanya ce ke jan idonka zuwa bagadi can ƙurya, mumbari na gefe guda. A na Methodist mumbari ne sarki, teburin jibi ɗan ƙarami ne da shingen katako a gabansa. Ba su kuma damu da fuskantar gabas ba yadda tsofaffin cocin Ingila suke, ballantana wani abu mai kama da alƙibla a wajenmu, inda fili ya ba da dama nan ƙofa za ta kalla.

Wesley har doka ya rubuta musu kan gini, cewa a yi shi sassauƙa mai tsabta kada a kashe abin da ya wuce na dole, dalilin da ya bayar kuwa shine in gini ya yi tsada dole a nemi masu kuɗi, in kuwa aka dogara da masu kuɗi to su za su riƙa juya kowa. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ginin masallacin unguwa ya san mutumin nan ba da ka ya yi magana ba. Yana kuma son gini mai kusurwa takwas saboda murya ta fi zagayawa, akwai irinsu har yanzu a Yarm da Heptonstall a arewacin Ingila, amma wanda ya zama abin koyi shine nasa na City Road a Landan na 1778, akwati ne kawai mai faɗi, da bene a ciki ta ɓangare uku, ginshiƙan da suka fara riƙe benen ma tsofaffin itatuwan filafilan jiragen ruwan yaƙi ne da Sarki George na uku ya bayar. Maza gefe mata gefe, haka Wesley ya tsara, wannan ma mutane kan yi mamaki in na faɗa musu.

Benen nan na ciki shi ne dabarar gaba ɗaya. Ka tuna babu lasifika. Muryar mutum ɗaya ba ta wuce wani taku kafin kalmomi su fara narkewa, to in kana da mutum ɗari takwas ba za ka jera su a tsaye kamar layin mai ba, sai ka ɗora rabi a saman rabi, kowa ya matso kusa da bakin mai magana. Shi ya sa mumbarin ke da tsawo har da matakala, ba don girman kai ba, don na sama su ga fuskarsa na ƙasa ma su gani. Shi ya sa kuma ba sa son rufi mai zurfi irin na dutse, wannan yana yi wa waƙar Latin daɗi saboda amo yana daɗewa yana yawo, amma magana yakan cakuɗe ta, ka ji ƙarshen jimla na karo da farkon mai bi mata. Silin katako shimfiɗaɗɗe shi ke mayar da murya tsaf. A Cape Coast buƙatar ta ninka, don Freeman duk daɗewarsa da tafinta yake wa'azi, ya faɗi jimla da Turanci tafinta ya juya da Fante, kamar malami da mai jan baki a tafsiri, in amo ya yi yawa muryoyin biyu sai su hau kan juna. Tsofaffin mata kuma da ba su iya waƙoƙin Turanci ba sai suka shigo da nasu salon, ebibindwom, inda mace ɗaya za ta katse mai wa'azi ana tsaka da magana ta ɗauko abin da ya faɗa ta mayar da shi waƙa nan take jama'a na amsawa. Har yau suna yi. In ka samu zuwa ranar Lahadi ka tsaya ko daga waje ne, za ka ji abin da ginin ke yi wa sauti, wannan ba a gane shi a hoto.

Sai kayan gini. Kada ka ɗauka abin da ka gani yau shi Freeman ya buɗe. Ginin gaɓar nan na wancan lokacin na laka ne, sai dai ba irin namu na tubali ba. Mu mukan mulmula tubali mu shanya ya bushe sannan mu jera, su kuwa ɗanyar ƙasar suke ɗorawa sahu-sahu, a ɗora kamar kamu ɗaya da rabi a bari ya sha iska a ƙara wani, a rufe da jinka. Matsalar ita ce su damina biyu gare su a shekara, mai ƙarfin daga Afrilu zuwa Yuli, bangon da ba a rufe kansa ba kafin ruwa ya sauka to sunansa taɓo. Wannan ne ya sa saurin Freeman ba ƙwazo ba ne kawai, tsere yake da ruwa. Masu hali a garin, attajiran Fante da 'ya'yan turawa da matan gari suka haifa, su kan yi da dutsen wurin ne haɗe da jan bulo a bakin ƙofa da taga da kusurwa, bulon da yawansa jiragen ruwa ke kawowa a cikinsu don nauyi su sauke su ɗauki kaya. Farar ƙasa kuma daga ɓawon kawa da katantanwar teku ake ƙona ta. Katakon ƙwarai odum ne, wanda Yarabawa ke ce wa iroko, gara ba ta cika samun sa'arsa ba, a wasu gidajen kuma giginya ake tsagawa kamar azarar mu. Kwano da siminti duk baƙi ne da suka shigo daga baya. Kuma ka sani Cape Coast ba ta da tashar jirgi, jirgi can nesa yake tsayawa, duk abin da ya fito daga Ingila, ƙararrawa ce ko gilashi ko allon marmara, a kwalekwale masunta suka ratso igiyar ruwa da shi sannan aka ɗauka a ka.

Abin da nakan tuna wa ɗalibaina shine a daidai shekarun nan ne Babban Gwani ke gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim. Gini biyu na ƙasa, sa'annin juna, kowanne na neman rufe jama'a masu yawa a ɗaki ɗaya. Babban Gwani ba shi da dogayen itatuwa, sai ya warware matsalar da bakan gizo, ya ɗaura gajerun azara ɗaya kan ɗaya har suka haɗu a sama. Maginan Cape Coast suna da daji a bayansu amma ruwa ba zai bar su su yi rufin soro mai faɗi haka ba, sai suka tafi ga rufin katako mai gangare. In don gwaninta ce ta gini tsantsa, ni ba na haɗa su, na Zariya ya yi gaba nesa. Amma ƙaddararsu ɗaya, jama'a ta ƙaru, na baya suka zo suka yi gini a kan na farko. Na Zariya an lulluɓe abin da ya rage da sabon gini a shekarun 1970, na Cape Coast kuma an yi ta faɗaɗawa ana ƙarawa tsara bayan tsara.

Tagogin nan manya da ka gani su ma akwai labari. Turawan lokacin ba su san sauro ne ke kashe su ba, sai 1897 Ronald Ross ya gano haka. Su a tunaninsu gurɓatacciyar iska ce ke tasowa daga fadama da ƙasa mai laima da dare. Maganin da suka ɗauka shine a hau tudu, a ɗaga daɓe, a buɗe taga ta fuskanci taga iskar teku ta ratsa, gidajen mishan ma a sama ake kwana ƙasa kuma sito da aji. Dalilin kuskure ne amma sakamakon ya yi amfani, don sauro ba ya son iska mai kaɗawa kuma ɗakin da ke cike da ɗaruruwan mutane da tsakar rana yana buƙatar numfashi. Abin da ya rage mutuwar da gaske shine kwinin, bayan tafiyar da wani likita Baikie ya yi a kogin Binuwai a 1854 yana ba mutanensa kullum ya dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe. Farin fentin kuma asalinsa farar ƙasa ce, tana mayar da zafin rana, tana kashe gansakuka, ga araha, duk shekara a sake shafawa.

Hasumiyar da agogon da suka fara jan idonka kuwa, su ne mafi nisa daga tunanin Wesley. Nasa na Landan babu hasumiya. Abin da ya faru shine Methodist a Ingila sun yi arziki, 'ya'yan masaƙa sun zama masu masaƙa, suka fara jin kunyar akwatinsu kusa da cocin Angilikan. A 1850 wani limaminsu Frederick Jobson, wanda ya koyi zanen gini kafin ya shiga aikin coci, ya fitar da littafi yana cewa salon Gothic mai tsinin baka shi ya dace da ɗakin ibada, daga nan yayin ya bazu har ƙasashen waje. Amma riga kawai suka canza, in ka shiga ciki akwatin wa'azin nan ne dai da benensa. A Cape Coast kuma akwai gasa ta cikin gari, Angilikan sun gina nasu Christ Church a 1865 can kusa da gidan bayin, Katolika suka kammala babban nasu na St Francis de Sales a 1928 a kan tudu, to wanda ya riga kowa zuwa ba zai yarda a rufe shi ba. Agogo a garin da mutane ƙalilan ke da na aljihu ba ado ba ne kawai, wanda ke buga ƙarfe shi ke faɗa wa makaranta da kanti da kotu lokaci. Sunan babban cocin bishop da ake kiransa da shi yanzu ma sabo ne, Methodist na Ghana sun samu cin gashin kansu daga Ingila a watan Yulin 1961, a Cape Coast ɗin nan aka yi bikin, ba su kuma amince da tsarin bishop ba sai 1999.

Kuɗin fa? Wani kaso daga kwamitin Landan, har ma rigimar kashe kuɗi fiye da ƙima ce ta sa Freeman ya ajiye aiki a 1857, sai 1873 ya dawo. Amma ƙashin bayan abin tsarin aji ne, wanda aka fara a Bristol a 1742 don biyan bashin gini, a raba jama'a kamar mutum goma sha biyu-biyu da shugaba ɗaya, kowa ya kawo kwabo a mako. Adashe ne in ka duba, sai dai ba mai kwasa sai gini. Ga gudummawar attajiran gari, ga matan da suka ɗauko ƙasa da ruwa da dutse a ka. In ka koma ka karanta allunan tunawa da ke jikin bango, ka ƙirga sunayen Fante ka ƙirga na turawa, sannan ka tuna cewa da yawan sunayen da ke kama da na turawa a garin nan na 'yan ƙasa ne.

Ba kuma ina wanke mishan ba ne. Wesley ya yi rubutu mai zafi kan cinikin bayi a 1774, wasiƙarsa ta ƙarshe ma ga Wilberforce, ɗan majalisar Ingila mai yaƙi da cinikin bayi, ya aika, wannan gaskiya ne, kuma akwai bambanci tsakanin wannan cocin da ɗakin ibadar da aka nuna muku a cikin gidan bayi wanda ke saman kurkukun maza. Amma 'yan mishan a inuwar igwar Maclean suka zauna, shi ya ba Freeman 'yan rakiya zuwa Kumasi, da rikici ya tashi a Mankessim wajen 1851 bayan wasu sabbin Kiristoci sun sare itace a kurmin tsafin Nananom Mpow, hukumar turawa ce ta yanke shari'ar kuma bokayen wurin ne suka kwana ciki. Sai dai kuma makarantun nasu, musamman Mfantsipim ta 1876 inda Kofi Annan ya yi karatu, su suka fitar da lauyoyi da 'yan jaridar da suka fara ɗaga wa turawa murya. Duka biyun gaskiya ne, wanda ya ba ka ɗaya ya ɓoye ɗaya talla yake maka.

Tunda Bahaushe ne kai bari in ƙara maka wannan. Fatakenmu sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro a Salaga, Tonawa suke kiran Ashanti, amma gaɓar teku ba su cika sauka ba sai da sojojin Hausa na wani hafsan Ingila Glover, waɗanda aka fara tarawa a Legas a 1863, suka zo yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874. Da yawa ba su koma ba, 'yan kasuwa da malamai suka biyo su, zango ya kafu, a Cape Coast wajen Kotokuraba za ka same su. Ta hannun wani malami Abubakar daga arewacin Najeriya ne ma wani Bafante ɗan Methodist mai suna Benjamin Sam ya musulunta shi da abokinsa Mahdi Appah, daga su Musulmin Fante suka samo tushe. Ka ga garin bai kai girman da tarihin waɗannan jama'u zai ƙi cuɗanya ba.

Abin da ya ceci tsohon garin har ka same shi haka kuwa talauci ne, in faɗa maka gaskiya. An ɗauke hedikwata zuwa Akra a 1877, jirgin ƙasa ya bi ta Sekondi ya isa Kumasi a 1903, tashar jirgin ruwa ta tafi Takoradi a 1928, ba wanda ke da kuɗin rushewa ya sake. Yanzu abokin gaban irin waɗannan gine-ginen ba ruwa ba ne, gyara ne. Na taɓa duba wani tsohon gini a wannan gaɓar, ba zan faɗi wanne ba, inda masu shi da kyakkyawar niyya suka kankare farar ƙasar suka yi filastar siminti suka bi da fentin mai. Bangon dutse da laka yana shan laima daga ƙasa yana fitarwa ta fatarsa, siminti ya toshe masa hanya, gishirin teku ya taru a baya. Damina biyu kawai, na ƙwanƙwasa da bayan makulli na ji yana amsawa kamar ƙwarya, na sa yatsa a wata tsaga sai ga gari fari kamar kanwa na zubowa, filastar kuma in ta faɗo da fuskar dutsen take tahowa. Ƙarfen da aka cusa a ciki shi ma ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga abin da aka ce ya riƙe.

In Allah ya sa ka koma, nemi izini wajen masu kula da wurin, ba sa hanawa in ba ana ibada ba. Fara da kaurin bango a bakin taga, ka auna da hannunka a wuri biyu ko uku, inda ya fi kauri nan ne tsohon, inda ya sirance kuma kusurwa ta miƙe sak kamar an ja da zare aikin baya ne. Duba ƙasan bango daga waje wajen tsawon gwiwa ko fenti na kumbura. Sannan ka hau benen ka zauna a kujerar ƙarshe, ka sa abokin tafiyarka ya tsaya kusa da mumbari ya yi maka magana da muryar hira ba tare da ya ɗaga ba, ka ji ko za ta iso ka.